Ƙananan Kalmomin Turanci da Suka Sha Kayar da Ni a Hanya

Ƙannena, kafin tafiyata ta farko zuwa Ingila na cika littafin rubutu guda da sunayen abubuwan hawa: bus, train, ferry, helicopter, har da submarine, wanda har yau ban taɓa sa shi a ido ba. Na haddace su tsaf, amma babu wanda ya tsinana mini komai. Jirgi in ka gan shi ka san jirgi ne, ko ba a faɗa maka sunansa ba. Waɗanda suka yi ta kayar da ni su ne 'yan ƙananan kalmomin da ke jikin tikiti, da allon tasha, da bakin mai sanarwa.

Na fara tuntuɓe a wurin sayen tikitin jirgin ƙasa a Landan. Mutumin da ke bayan gilashi ya ce, "Single or return?" Na waiga na ga ba kowa tare da ni, sai na ce "Single", ina ganin mutum nawa yake tambaya. Ashe nufinsa zuwa kaɗai, ko zuwa da dawowa. Da yamma na cusa tikitin a na'urar ƙofa ta tofo mini shi, na sake cusawa ta sake tofowa, ga layin mutane a bayana. Dole na koma na sayi wani. A Amurka kuwa one-way da round trip za ku ji.

Wadda ta fi ƙona mini rai ta lokaci ce. An rubuta a tikitin jirgin sama cewa zai tashi 00:30 ranar 15 ga wata. Na ce to, daren 15 ke nan. Na kwana na tashi, na shirya kayana a tsanake, na isa filin jirgi ƙarfe tara na daren 15 ina yaba wa kaina da zuwa da wuri. Matar da ke karɓar kaya ta dubi kwamfuta, ta dube ni, ta sake duban kwamfuta. Jirgin ya fi awa ashirin da tashi. Da zarar sha biyun dare ta buga, kwanan wata ya juya, don haka 00:30 na ranar 15 daren 14 ne wayewar 15. Haka 12 a.m. tsakar dare ce, 12 p.m. tsakar rana, shi ya sa masu hankali ke cewa midnight ko noon su huta. Ɗan Ingila in ya ce half five, biyar da rabi yake nufi, quarter to six kuma shida saura kwata.

A ruɗen wannan dare na ƙara wata. Na ce mata, "I lost my flight," domin "na rasa jirgi" ne a kaina. Ta gyara mini cikin tausayi: missed. Lost na abin da ya ɓace maka ne, kamar fasfo ko akwati. Jirgin da ya tafi ya bar ka, ka yi missing ɗinsa. Ku kuma lura da cewa lokaci biyu ne a takardar shiga jirgi. Departure lokacin tashi ne, boarding lokacin fara shiga, kuma ana rufe ƙofa tun kafin lokacin tashi ya yi. Wanda ya zauna shan iska yana kallon departure, sai dai ya hango jirginsa ta taga.

Akwai kuma ranar da na ga allo an rubuta Subway a bakin wani babban titi a Landan. Na gangara matakala da akwatina ina neman jirgi, na bi wani dogon lungu, na hau wasu matakalan, sai ga ni a tsallaken titin da na baro. A can subway hanyar masu ƙafa ce ta ƙarƙashin titi. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin, wanda ya fara aiki tun 1863, Underground ko Tube suke ce masa. Na birnin New York da aka buɗe a 1904 shi ne subway. Kafin ku haddace kalma, ku fara sanin Turancin wace ƙasa ce. Haka petrol da gas, wato man fetur, da boot da trunk, wato wurin zuba kaya a bayan mota.

Sauran ba su ci mini kuɗi ba, kunya kawai. Get on ake cewa ga bas da jirgi, get in ga ƙaramar mota da tasi. Dabarar da na riƙe ita ce in za ka iya miƙewa ka yi tafiya a ciki, on ne. Luggage ba ya ɗaukar s ko akwatinka goma ne. Aisle, hanyar wucewa tsakanin kujeru, ba a furta s ɗinta.

Da zan koma baya, littafin nan jimloli zan cika shi da su, irin waɗanda lasifika ke faɗa da sauri cikin hayaniya: calling at, wato tashoshin da zai tsaya, change here for, sauka ka canza jirgi, this train terminates here, ƙarshen hanya ke nan, kowa ya sauka. Akwai faifan irin waɗannan sanarwa birjik a intanet, ku saurara har kunne ya saba, musamman bambancin fifteen da fifty. In kun yi tambaya aka ba ku amsa, ku maimaita wa mutumin abin da kuka ji: "Platform fifteen, one five?" Matambayi ba ya ɓata, amma ni girman kai ya sa nake gyaɗa kai alhali ban fahimta ba.

Yanzu duk tikitin da na saya sai na ɗauki biro na rubuta a takarda da Hausa: ranar da zan bar gida, ƙarfe nawa ake rufe ƙofa, zuwa ne kaɗai ko da dawowa. Takardar tana cikin fasfona.