Godiya ga duk wanda ya zo walimar karrama Goggo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin ’ya’yan Goggo da jikokinta, da mu da ta riƙe tun muna ƙanana, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tako ya zo walimar da matan unguwar Jahun suka shirya mata ranar Asabar a nan Bauchi. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Godiyar farko ta matan adashi ce. Su suka kawo shawarar, su suka yi karo-karo, ba su roƙi ɗan siyasa ko sisin kwabo ba. Tun asuba suka ɗora tanda, kafin hantsi masa da miyar taushe sun cika kuloli. Cewa suka yi ba za su jira sai ta rasu a cika zaure da yabon da ba za ta ji ba. Wannan magana ta shige ni ƙwarai, domin Goggo ta ji yabonta da kunnenta, ta kuma yi kuka a gaban jama’a, abin da ba halinta ba ne.

Yaran yanzu sun san ta ne tsohuwa mai carbi a bakin ƙofa. Ba su san cewa a 1979, shekarar da matan Arewa suka fara jefa ƙuri’a a babban zaɓen ƙasa, tana cikin masu bi gida-gida ba. Sai ta tsaya a zaure ta nemi iznin maigida tukuna, sannan ta shiga ciki ta nuna wa mata yadda ake dangwala yatsa. ’Yar jam’iyyar PRP ce ta Malam Aminu Kano, a jihar da NPN ta lashe, Alhaji Abubakar Tatari Ali ya zama gwamna. A wancan lokaci macen da ta shiga siyasa babu sunan da ba a kiran ta da shi. Abin da Hajiya Gambo Sawaba ta sha a Zariya, duka da ɗauri, ya isa ya sa kowace mace ta zauna a ɗaki. Goggo ba ta zauna ba, kuma har yau ko kansila ba ta taɓa zama ba.

Godiya ta musamman ga Hajiyarmu da ta taso tun daga Gombe duk da ciwon ƙafa. Ita da Goggo sun daɗe suna adawa. Zamanin jam’iyyun SDP da NRC, lokacin da ake yin layi a bayan hoton ɗan takara, kowa na kallon kowa, layinsu daban ne. Hajiya da bakinta ta ba da labarin yadda a daren wani zaɓe naƙuda ta kama ’yarta, aka rasa mota, Goggo ta fito da fitilar ƙwai da sabuwar reza ta karɓi haihuwar, ba ta bar gidan ba sai da ta dama wa maijego kunun kanwa. Jaririn nan shi ne ya tuƙo Hajiya zuwa walimar.

Mun gode wa malaman asibiti da suka tuna mana da 2003, lokacin da jita-jita ta sa iyaye suna ɓoye yara daga rigakafin shan-inna. Goggo takan sa a fara ɗiga wa jikanta a gaban matan gida, sannan ta ce a fito da sauran. Da aka sanar a 2020 cewa Afirka ta rabu da cutar, azumin godiya ta yi.

Limaminmu kuwa ya taɓo abin da ba a cika faɗa ba, wato wankan gawa. Ko ƙarfe nawa aka buga mata ƙofa za ta tashi, kuma akwatinta ba ya rabuwa da yadin likkafani saboda gidan da ba su da hali. Allah ya sa ta tarar da ladan a mizani.

Ga shugabannin jam’iyyu da suka halarta, mun gode da karamci. Roƙona ɗaya ne: matan da ke cika muku layi ranar zaɓe sun wuce turmin atamfa da sabulu. Ku riƙa zama da su idan ana rabon muƙami, kamar yadda kuke neman su lokacin kamfe.

Ba mu manta da samarin da suka kafa rumfuna suka kwashe kujeru ba, da ɗaliban islamiyyar matan aure da suka yi karatu. Allah ya yi muku albarka.

Kuɗin da aka tara mata ta ce a sa su a gyaran rufin ajin islamiyya kafin damina, kuma an riga an damƙa su ga shugabar makarantar. Masu son zuwa gaishe ta, don Allah ku bari sai bayan la’asar, da safe tana shan magani ta ɗan kwanta.