Giya ko birki: yadda ake sauka gangaren Falez

Duk wanda ya saba bin hanyar Ngaundere zuwa Garwa ya san warin nan da ke tashi a ƙasan Falez, babban gangaren dutsen da ke kan wannan hanya ta arewacin Kamaru, kafin a shiga Mbe, wari kamar na ƙonannen roba haɗe da ƙarfe. Takalmin birki ne ke toyuwa, kuma galibi tun daga saman dutsen direba ya jawo wa kansa, lokacin da ya shiga gangaren da giya ta huɗu ko ta biyar, ƙafa na kan birki.

Birki ba ya ɓatar da gudu, mai da shi zafi yake yi. Mota mai nauyin tan 2 in ta sauko gangare mai tsayin mita 500, zafin da za ta haifar ya isa ya tafasa ruwa fiye da lita 30, jarka ɗaya da rabi ke nan. Idan direba ya ɗora wa birki wannan duka, faifai da takalmi ne za su sha shi. Ngaundere kuwa tana sama da mita 1,000 daga doron teku, Garwa ba ta kai 300 ba.

Lalacewar iri biyu ce, kuma ƙafa tana bambance su. Idan takalmin ne ya yi zafi fiye da kima, fedar na nan da tauri, kana takawa da ƙarfi amma motar ba ta kamawa. Idan kuwa man birki ne ya tafasa, fedar sai ta yi laushi ta nutse har ƙasa, domin tururi ya shiga bututu, shi kuwa tururi matsuwa yake yi, ba ya tura komai. Sabon man birki samfurin DOT 3 sai zafi ya kai digiri 205 yake tafasa, DOT 4 kuma 230. Amma man birki yana zuƙar damshi daga iska, in ya tsufa DOT 3 na iya tafasa a wajen 140. Shi ya sa ake cewa a zubar da shi a sa sabo duk shekara 2. A nan wajenmu ƙari kawai ake yi, har motar ta tsufa ba a taɓa juye shi ba.

Birkin inji, wanda littattafan koyon tuƙi ke kira frein moteur, ba wata na'ura ba ce a ƙaramar mota. Ka bar mota cikin giya, ka ɗaga ƙafa daga totur, kada ka taɓa kuloci. Yanzu tayoyi ne ke juya inji, shi kuma yana turjiya. A injin fetur ƙofar iska ta rufe, fistin na jan iskar da ba ta zuwa, wannan ja shi ke riƙe motar. Injin gas, wato dizal, ba ya shaƙe iska haka, don haka riƙonsa bai kai yadda girmansa ke nunawa ba. Dalilin ke nan da ake sa wa manyan motocin da ke ɗaukar kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere zuwa Kusiri da Njamena birkin salansa, ko wata na'urar rage gudu ta daban.

Ƙa'idar tsofaffin direbobi har gobe tana aiki: giyar da za ta hau da kai dutse, ita za ta sauko da kai. In da lodi, rage ɗaya. Kuma a zaɓe ta tun a sama, kafin hancin mota ya sunkuya. Taka birki gudu ya sauka zuwa 30 ko 40, taka kuloci, ɗan taɓa totur inji ya tashi, sa ta biyu, ka saki kuloci a hankali. Wannan ɗan taɓa totur ɗin shi ke hana fizga, shi ke kuma sa farantin kuloci ya daɗe. Inji zai yi ƙara, fasinja su fara kallon juna. Ba komai. Injin fetur a juyi 3,000 zuwa 4,000 a minti lafiyarsa lau, na gas kuma a tsaya wajen 2,500 zuwa 3,000. Jan layin agogon juyin inji kawai ake gudun kaiwa. Wanda ya cusa ta biyu yana gudun 100, tayoyi na iya tilasta wa inji juyin da ya fi ƙarfinsa, fistin ya doki bawul, kuma babu kwamfutar da za ta hana.

Idan duk da giyar motar na ƙara gudu, a taka birki sosai na daƙiƙa 3 ko 4, gudu ya ragu da kamar kilomita 10, a ɗaga ƙafa gaba ɗaya iska ta sanyaya faifai. Ɗora ƙafa sama-sama tun daga sama har ƙasa shi ne ke toya birki. Kuma a gama rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba.

Sai maganar firi. Da tsadar mai, ko na gidan mai ko zuwa-zuwa na bakin titi, wasu na cire giya a gangare wai suna tattali. A motar da ke fesa mai da kwamfuta lissafin ya juye: in tana cikin giya ƙafa ba ta kan totur, kwamfutar yanke man take yi, a firi kuwa dole ta ci gaba da ba inji mai don kada ya mutu. Tsohuwa mai kafireto kuwa ɗan abin da za ta rage bai kai kuɗin shayi ba. Masu kashe inji ɗungurungum sun fi kowa ganganci: bayan taki biyu ko uku ƙarfin da ke taimaka wa birki ya ƙare, fedar ta zama dutse, sitiyari ya yi nauyi, wani lokaci ma ya kulle.

Cikin gari labarin daban ne. A Garwa ko Marwa, inda babura ke manne da bayanka, birki ya fi. Rage gudu da giya ba ya kunna jar fitilar baya, mai babur ba zai san ka sassauta ba. Canza takalmin birki aikin ɗan lokaci ne a gareji, kuloci kuwa sai an sauke giyabos. Haka a hanyoyin ƙasa na wajen Mokolo da Rumsiki da damina: Hilux marar lodi in aka saki kuloci da gaggawa a ƙaramar giya, tayoyin baya na iya zamewa gindin motar ya juyo.

Idan fedar ta riga ta nutse a tsakiyar gangare, a buga ta da sauri sau da yawa, sau tari tana dawowa kaɗan. A sauko da giya ɗaya bayan ɗaya. A ja birkin hannu sannu a hankali, yatsa na danne da maɓallinsa, don a iya saki idan baya ya fara zamewa. In an samu an tsaya, kada a watsa wa faifai ruwa, yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. A kashe inji, a bar mota a giya ta ɗaya, yaron mota ya sa weji, a ba ta aƙalla rabin awa. Ko fedar ta dawo daidai bayan ta huce, man da ya taɓa tafasa sai an juye shi kafin a sake hawa dutsen.