Daren da na ce Allah sarki a cocin York

Wata na takwas kenan a York, wani gari a Ingila, ina aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma wallahi duk wahalar sanyi da aikin dare ba su tsaya min a rai kamar abun da ya faru daren Asabar ɗin nan ba. Ɗiyar wata tsohuwa da nake kula da ita ce ta ba ni tikiti kyauta, ta ce waƙoƙin Ingila ne na shekaru ɗari uku da wani abu, a wata tsohuwar coci ake yi, in je in ɗan sha iska tunda kullum daga aiki sai ɗaki. Na ci kwalliya da atamfata, na kashe ɗauri, na ɗora katuwar rigar sanyi a kai na tafi.

Mutum huɗu ne, mace ɗaya mai waƙa sai makaɗa uku. Ɗaya na riƙe da wani abu mai ƙaton ciki kamar rabin ƙwarya, lut suke ce masa, sunan ma daga ud na Larabawa ya fito, kuma tsirkiyarsa ta hanjin tumaki ce. Wani kuma na goga wani babba da ya matse tsakanin gwiwoyinsa, ni dai kukuma ya tuna min. Kafin kowace waƙa matar sai ta ɗan yi bayani. Ta ce a wancan zamanin a falle ɗaya ake buga waƙa, da ɗan zane a sama, a sayar kwabo ɗaya a kasuwa da bakin titi, mai tallar shi ke rerawa don jama'a su taru. Ba a rubuta karin, sai dai a ce a rera da karin waƙa kaza wadda kowa ya sani, har akwai wani kari Fortune My Foe da aka fi ɗora wa labarin waɗanda za a rataye. Shi ya sa su yanzu sai sun bi tsofaffin littattafai kamar na raye-raye da wani mai buga littattafai John Playford ya buga a 1651 sun tono karin, su yi ta gwada baitin a kai har ya zauna, sannan su yanke shawara da kansu ko da kiɗa ko murya zalla.

Sai ta ɗauko waƙar wata yarinya Barbara Allen, ta ce Samuel Pepys, wani ma'aikacin gwamnati na wancan zamanin, ya rubuta a littafin ajiyar ranakunsa cewa ya ji wata 'yar wasa ta rera ta ranar 2 ga Janairun 1666, shi ne kuma ya tara irin waɗannan takardu sama da 1,800 da ke Kambirij har yau. Wannan ba kiɗa ta yi ta. Saurayi ne kwance ciwon so zai kashe shi, ya aika a kira yarinyar, ta zo a hankali ba ko sauri, ta dube shi ta yi masa magana mai sanyi kamar ba ta san shi ba, shi kuma ya juya fuskarsa ga bango. Toh a nan ne fa ban san lokacin da na ce Allah sarki da ƙarfi ba, har da tafa hannu sau ɗaya. Cocin dutse ce, murya ta ta zagaya ta dawo. Layi uku suka waiwayo, wani dattijo a gabana ya ɗora yatsa a baki yana kallona tun daga ɗauri har ƙasa. Kunya ta rufe ni, na sunkuyar da kai har aka tashi, ƙarshen waƙar ma inda ita ma ta mutu washegari da ƙyar na ji.

A bas ina komawa kunyar ta koma haushi. Ai mai waƙar da bakinta ta faɗa, waƙar kasuwa ce, ana manna ta a bangon gidajen giya, masu aikatau da 'yan tallan madara ke rera ta. Su waɗancan shiru suke yi? An nemo tsirkiyar hanji, an nemo karin asali, har lafazin mutanen da ake ƙoƙarin kwaikwaya, amma masu sauraro an zauna kamar gidan makoki, ba mai amshi ba mai ko tari. Ni ban ga laifina ba, kuma duk da haka kwana uku ina jin kallon dattijon nan a jikina.

Mu a gidanmu a Funtuwa in Inna na waƙar niƙa ba wanda ke shiru, Goggo ta amsa daga bakin murhu, mu yara mu karɓa. Inna ba ta yi boko ba amma baiti ya fi ɗari a kanta, wasu na kakarta ne, ba wanda ya taɓa rubuta ko ɗaya. Yanzu injin markaɗe ya zo, dutsen niƙan yana bayan ɗaki an kife tukunya a kai.

Na kira ta a WhatsApp ran Lahadi na ce Inna don Allah yi min ta niƙan nan in ɗauka a waya. Ta yi dariya ta ce ke 'yar nan lafiyarki kuwa, haka kawai ba gero a gabana zan kama waƙa? Ta ce ƙirjinta ma ba ya ja yanzu, sai tambayata take ko ina cin abinci, ko kuɗin makarantar Auta sun shiga. Na ce sun shiga. Ƙanwata ta yi alkawarin za ta lallaɓa ta in an yi sabon gero, na tura mata kuɗin data tun jiya.