Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Albasar Aliero a Bakin Teku

Makon jiya mun tsaya inda Kawu ya yarda in riƙa raka motar albasarsa daga Aliero zuwa Ikko, wato Legas. Kafin labarin ciniki, bari in kwatanta muku ƙasar, don yaran unguwarmu har gobe zatonsu Legas gari ne guda mai dogayen benaye.

Jiha ce sukutum, an ƙirƙiro ta a 1967, hedikwatarta Ikeja, kuma duk Najeriya babu wadda ta kai ta ƙarancin fili. Ta miƙe siririya a gaɓar tekun Atilantika, daga Badagry kusa da iyakar Jamhuriyar Benin har Epe ta gabas. Cikin ɗan filin ma ruwa ya cinye kaso babba. Ni da na san Kogin Kwara a Yauri, na ga Matan Fada ranar kamun kifin Argungu, bakina ya mutu da muka hau gadar Third Mainland, kusan kilomita 12 duk a kan ruwa. Daga sama kana hango Makoko, gidajen katako a kan turaku, mata na tallan kifi cikin kwalekwale.

Ruwan nan shi ne arzikinsu. Jirage su sauke kaya a Apapa da Tin Can, tireloli su kwaso su yo Arewa. Yanzu ga sabuwar tashar Lekki, ga matatar man Ɗangote. A 1991 gwamnati ta tattara ta koma Abuja, amma kuɗi ya ce yana nan.

Sai dai ruwan ba ya ga maciji da ɗan albasa. Iskar can jiƙaƙƙiya ce. Albasar da za ta yi watanni a rumbu a gida, a kasuwar Mile 12 kwana kaɗan buhu ya fara tsami, ka danna ƙwaya da yatsa ta lotsa. Kawu ya ja ni gefe ya ce, "Yaro, a nan ba a jan ciniki. Dillali ya taya da asuba, in ba faɗuwa, ka sallama."

Wuraren buɗe ido kam akwai. Wani ɗan garinmu mai gadi ya kai ni Badagry, na ga benen 1845 da ake cewa shi ne na farko a Najeriya, da hanyar da aka bi da bayi zuwa jirgi. Teku kuwa daga nesa na gaishe shi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za ku ji yadda na kwana a Agege ba ko sisi a aljihu.