Kwana uku da motar haya a Cape Coast da Elmina

Bikin ɗiyar yayana ne ya kai mu Accra babban birnin Ghana, a unguwar Nima suke zaune sun kai shekara 20 a can, to da aka gama biki sai ya rage mana kwana uku kafin jirginmu na komawa, nace wa maiɗakina wallahi bazan koma Kano ban ga Cape Coast ba. Yaya yace mu hau tirotiro kawai, wato ƙananan bas ɗinsu na haya, ni kuma naƙi saboda na duba taswira naga abubuwan da nakeso in gani a warwatse suke a bakin hanya, kuma direban bas bazai tsaya maka kaje kallon tsohon gini ka dawo ba.

Abu na farko da na fahimta shine yawancin masu bada hayar mota a can sunfi so su haɗaka da direbansu, in kace kai zaka tuƙa da kanka sai an ga lasisi da fasfo sannan ka ajiye kuɗin jingina masu ɗan kauri. Na tafi da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa shi yasa ba'a ja dani ba. Kafin in karɓi makulli na zagaya motar da waya ina ɗaukar bidiyo, bamba, ƙofofi, gilashi, har safaya da jak na buɗe but na ɗauka, yaron kamfanin yana tsaye a cikin bidiyon. Tuƙin kansa ba baƙo bane, tun 1974 suka koma bin hannun dama kamar mu.

Yaya ya gargaɗe ni yace ku fita da asuba ko ku yini a Kasoa. Mun ɗan makara, bakwai saura muka tashi, kuma mun biya kuɗin makarar don cunkoson wajen ba na wasa bane. Amma a cikin gosulon ne na samu abinda ya faranta min rai, sunan garin ma ashe namu ne, kasuwa ce aka murɗa ta koma Kasoa, kuma kana sauke gilashi zakaji Hausa tana tashi wajen masu koko da ƙosai. Daga Accra zuwa Cape Coast wajen kilomita 150 ne, a takarda kamar ba komai, amma kowane ƙauye da tudun rage gudunsa, ga shingen 'yan sanda, ga manyan motoci masu zuwa Takoradi, sai da muka ci kusan awa huɗu. Bayan Mankessim da Saltpond teku ta fara leƙowa ta hagu, muka tsaya a Abandze muka hau tudun Fort Amsterdam, wani tsohon sansanin Turawa, muka sake tsayawa a Anomabo wajen Fort William, kusan ba kowa sai mu da mai gadi da ƙarar ruwa. A nan naji kuɗin hayar sun fara biyan kansu.

Kuskuren da nayi shine na ɗauka da motar zan zaga cikin gari. Tsohon Cape Coast ba'a gina shi don mota ba, shine hedkwatar Turawan Ingila a Gold Coast, wato Ghana ta yanzu, har 1877 da aka mayar Accra, titunan ƙanana ne masu hawa da gangara, wasu hannu ɗaya ne kuma baka sani sai ka shiga ana ɗaga maka hannu, ga lambatu a buɗe gefe da gefe, ga tasi masu tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga yatsa. Wajen kasuwar Kotokuraba na zaga sau uku ina neman wajen fakin, daga ƙarshe na mayar da ita masauki muka fito da ƙafa, sai a lokacin na fara ganin garin, tsofaffin benaye masu baranda ta katako da iskar teku ta cinye musu fenti, da mata masu ƙyafe kifi, da jiragen kamun kifi a jere a gindin ganuwa.

Ginin da ake zuwa dominsa, wato Cape Coast Castle inda ake tsare bayi kafin a ƙetara teku dasu, fari ne tas a bakin ruwa, 'yan Suwidin ne suka fara kafa shi a 1653 kafin ya faɗa hannun Ingila. Jagora ya shiga damu kurkukun maza da ke ƙarƙashin ƙasa ya kashe fitila na ɗan lokaci. Duhu, zafi, wani irin wari da har yau bai fita ba, iska sai ta 'yan ƙananan kafofi can sama, kuma a saman wannan ramin daidai aka gina cocinsu, mutane na ibada a sama wasu na mutuwa ƙarƙashin ƙafafunsu. Maiɗakina ta riƙe hannuna tana ta innalillahi, ni kam kasa magana nayi har muka fita ta ƙofar da suke cewa wanda ya bi ta baya dawowa.

La'asar mukayi a wani masallacin zango, bayan sallah wani dattijo yaji harshena yace ɗana daga Kano ko? nace eh Baba. Hausarsu akwai daɗi, mace ma "ya zo" suke ce mata, sai da kunnena ya saba. Shi ya hana mu cin abincin otal, ya aika jikarsa ta kawo waakye, wato shinkafa da wake ne da ake dafawa da karan dafi har tayi ja, sunan ma daga wake aka samo shi. Da nace masa gobe Elmina zamu sai yace ai gobe Talata ce ɗana, masunta basa shiga teku, zakuga jirage amma banda hada-hadar kifi. Haka kuwa akayi, kilomita 12 ne ko 13 tsakani, muka tarar da bakin ruwan Benya cike maƙil da jirage masu tutoci kala-kala, maza na zaune suna ɗinkin koma. Ni hakan ma yafi min don na samu wajen ajiye mota ba wahala.

Ginin Elmina ya girmi na Cape Coast nesa, Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482 don cinikin zinari, 'yan Holan suka ƙwace a 1637 bayan sun hau tudun da ke fuskantarsa sun ɗora igwa, Ingila ta karɓa a 1872, kuma a ciki aka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896. Tudun nan shine St. Jago, mun bar motar a ƙasa muka hau da ƙafa, daga can zakaga komai a tafin hannunka, kuma zaka gane dalilin da yasa wanda ya riƙe tudun ya riƙe garin.

Rana ta uku nayi niyyar Kakum inda ake tafiya kan gadar igiya a saman bishiyoyi, amma na fasa na ɗauki hanyar Kumasi zuwa Assin Manso, kuma ban yi nadama ba. Rafi ne ɗan ƙarami cikin inuwar gora, a nan ake yiwa bayin da aka koro daga arewa wanka na ƙarshe kafin a gangara dasu bakin teku. Da jagoran ya ambaci Salaga sai gabana ya faɗi, don Salaga ai kasuwar fatakenmu ce, hanyar Gwanja da muke alfahari da ita a tarihin goro, kuma ayarin da ke kai kanwa da tufafi ba su kaɗai yake kaiwa ba, har da mutane. Na shiga wancan kurkukun ina ganin abin na Turawa ne da mutanen bakin teku, a bakin rafin nan na gane da hannun namu a ciki, kuma wataƙila cikin waɗanda aka wanke a ruwan nan akwai mai jin yaren da nakeyi. Mun daɗe a zaune a wajen ba mai cewa komai.

Zaman nan yasa muka taso a makare, dare ya riske mu tun kafin Winneba, kuma bana ba kowa shawarar bin hanyar nan da dare, fitilun manyan motoci na kashe ido ga mutane na tsallaka titi cikin duhu, a hankali na dinga lallaɓawa har Accra. Da safe na cika tanki kamar yadda na karɓa na kai musu motar, sai wani ma'aikacinsu ya nuna min ƙarce a bambar baya yace za'a cire a kuɗin jinginata. Na buɗe masa bidiyon ranar farko, ga ƙarcen nan ga abokin aikinsa a tsaye kusa dashi, ya kalla sau biyu sannan ya shiga ciki ya ƙirgo min kuɗina cif. Daga nan muka wuce Nima ɗaukar kaya, Yaya na tambayar yaya hanya, maiɗakina ta fara bashi labarin rafin nan sai kuka ya ƙwace mata.