Godiya bayan aikin idon Hajiya

Assalamu alaikum. A madadin iyalanmu da ke Makka, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar mahaifiyarmu, wadda aka yi wa aikin ido a Riyad, ta kuma dawo gida lafiya.

Masu zuwa dubiya da dama sun ɗauka yanar ido kawai aka cire mata. Ayyuka uku ne aka haɗa a shiga ɗaya: an cire yanar, an sa ƙwayar roba a gurbinta, sannan an dasa mata sabuwar koniya, wato fatar nan mai kama da gilashi da ke rufe baƙin ido, domin tata ta yi tabo tun ciwon da ta yi a ƙuruciya. Da farko mun ji tsoron haɗawar, sai likita ya zaunar da mu ya bayyana cewa maganin ɗigawa da ake sawa bayan dashe yana ƙara kaurin yana, kuma idan aka sake buɗe idon daga baya, dashen na iya samun rauni. Ga tsohuwar da tafiyar sama da kilomita 800 ke wahalar da ita, shiga ɗaya rahama ce. Allah ya saka wa wannan likita da ma'aikatan jinyarsa da alheri.

Muna gode wa malamin unguwarmu, wanda ya kwantar wa Hajiya hankali lokacin da ta ƙi yarda a sa mata naman mamaci, ya sanar da ita cewa majalisar manyan malaman Saudiyya ta halatta dashen koniya tun 1978. Haka 'yan uwanmu na Riyad da suka sauke mu, da maƙwabtan da suka riƙe mana yara.

Akwai wanda ba za mu taɓa sanin sunansa ba, wato mamacin da Hajiya ke gani da koniyarsa. Shi da iyalansa suna cikin addu'arta kullum, har ta sa mun yi masa sadaka.

Ɗinkin zai daɗe a idon, ganin kuma a hankali yake washewa. Saboda haka muna roƙon iyayenmu mata masu kawo kwalli da magungunan gida su yi mana haƙuri, likita ya hana a sa komai sai abin da ya rubuta. Ana iya zuwa gaishe ta bayan La'asar.