Daga Bodø zuwa Henningsvær: ziyarar ƙauyukan masunta a Lofoten

A ƙarshen watan Maris na shiga jirgin fito daga Bodø, wani garin gaɓar teku a arewacin ƙasar Norwe, zuwa tashar Moskenes da ke kusa da ƙarshen tsibiran Lofoten. Mun shafe sama da awa uku muna tsallaka Vestfjorden, faffaɗan mashigin tekun da ya raba tsibiran da sauran ƙasar, igiyar ruwa tana wasa da jirgin har yawancin fasinjoji suka haƙura da shayi suka nemi wurin kishingiɗa. Da muka doshi gaɓa sai tsaunuka suka bayyana a jere, baƙaƙe daga ƙasa, farare fat da dusar ƙanƙara daga sama, sun taso kai tsaye daga cikin ruwa, ta yadda mutum zai rasa inda jama'a suka samu filin kafa gida.

Filin da suka samu ɗan kaɗan ne ƙwarai. A Reine da Hamnøy gidajen katako ne jajaye, rabinsu a kan dutse, rabinsu kuma a kan dogayen turaku da aka kafa a cikin ruwa, domin masunci ya ɗaure jirginsa a bakin ƙofarsa. A Sakrisøy, wani ɗan tsibiri da ke tsakanin ƙauyukan biyu, gidajen launin rawaya ne. Sai dai kafin ido ya gama kallo hanci ya riga ya samu labari, domin ƙarnin kifi ya cika ko'ina, yana shiga tufafi da jaka, kuma mutanen wurin ba sa ba baƙo haƙuri a kansa, tunda shi ne abin da ke ciyar da su.

Ƙarnin yana fitowa ne daga manyan rumfunan katako marasa rufi da aka kakkafa a kan kowane tudu da iska ke bugawa. Kifin da ke rataye a kansu shi ne skrei, wanda ke tasowa daga Tekun Barents, can arewa da Norwe da Rasha, tsakanin Janairu da Afrilu, ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 domin ya zuba ƙwai a wannan mashigi. Ana cire masa kai da kayan ciki, a ɗaure biyu-biyu ta wutsiya, a rataye su a kan sanda, shi ke nan. Babu gishiri, babu hayaƙi. Masu banda a Baga dole su haɗa da wuta saboda zafi da ƙuda, amma a nan yanayi ne ke yin aikin: sanyin bai kai ya daskarar da tsokar ta farfashe ba, ɗumin kuma bai kai ƙuda ya fito ba. Dalili shi ne ruwan ɗumi da ke zuwa daga kudu ta cikin Tekun Atilantika, wanda ya hana tekun nan daskarewa duk da cewa tsibiran suna can arewa da layin Aktik, iyakar yankin sanyi na can ƙuryar arewacin duniya. Kifin yakan zauna a waje har zuwa Yuni, sannan a shigar da shi rumbu ya ƙarasa bushewa, kuma kafin a gama ya rasa kusan kashi 80 cikin ɗari na nauyinsa.

Abin da ya fi tsayar da ni shi ne aikin wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba, wanda na tarar a bakin wata ma'aikatar kifi bayan an tashi daga makaranta. Yana sanye da rigar roba mai ruwan lemo da safar hannu, a gabansa akwai akwati da aka kafa wa tsinin ƙarfe. Sai ya ɗauki kan kifi daga cikin tuli, ya soke ƙasan haɓar a kan tsinin, ya ja wuƙa sau ɗaya, harshen ya tsaya a kan ƙarfen, ya jefa kan gefe ya ɗauki wani, bai ko ɗaga ido ya dube ni ba. Yankan harshe sana'ar yara ce a Lofoten tun kaka da kakanni, kuɗin da suka samu kuma nasu ne. Da dare na ci harshen soyayye da gari da man shanu. Yana da taushi da ɗan yauƙi, kuma ga Musulmin da ke neman abin da zai ci hankali kwance, ƙasar kifi ba ta da wahala.

Kawunan da yaron ke jefarwa ba a zubar da su. Ana zura su a igiya dami-dami a rataye su daban, bakunansu a buɗe, kuma da na gaya wa wani ma'aikaci daga inda na fito sai ya yi dariya ya nuna mini su da hannu, ya ce ai kusan duka ƙasarmu za su tafi. Gaskiya ya faɗa. Kifi mafi daraja Italiya ake kai shi, inda masu tantancewa ke rarraba shi aji-aji bisa tsawo da kauri da ƙanshi, kawuna da ƙananan aji kuwa Najeriya ce babbar kasuwarsu. Wannan busasshen kifi shi ne okporoko da ake kasawa a kasuwannin Aba da Onica da Sabon Garin Kano, wanda miyar egusi ba ta cika sai da shi. Dangantakar ta yi ƙarfin da lokacin da Babban Bankin Najeriya ya sa kifi cikin jerin kayayyaki 41 da ya hana wa kuɗin waje a 2015, sai da aka ji a jika a waɗannan ƙauyuka.

A ƙauyen Å, inda hanyar mota ta E10 ta ƙare, akwai gidan tarihin busasshen kifi da kuma tsohon gidan burodi na shekarar 1844. A nan ne mutum ke gane tsufan sana'ar. Tun wajen 1120 Sarki Øystein na Norwe ya sa aka gina wa masunta ɗakunan kwana a yankin Vågan, domin dubban mutane ne ke zuwa daga nesa da jiragen filafili a tsakiyar hunturu, kuma kafin haka wasu a ƙarƙashin jiragensu suke kwana. A 1432 kuma wani ɗan kasuwa daga birnin Benis na Italiya mai suna Pietro Querini, wanda jirginsa ya tarwatse, ya tsira a tsibirin Røst, ya koma gida da busasshen kifi, kuma ga wannan tafiya ake jingina soyayyar Italiyawa da shi.

Na bi ta Nusfjord a gurguje. Ƙauye ne mai kyau da aka adana tsofaffin gine-ginensa, amma ya fi kama da wurin nuni fiye da garin da ake rayuwa a ciki. Henningsvær ta fi kwanta mini a rai, duk da cewa yawancin baƙi filin ƙwallonta da ke kan dutse a tsakiyar teku suke zuwa ɗauka hoto. Sai a 1983 gada ta haɗa ta da sauran tsibiran, kuma har yanzu da la'asar jirage na shigowa tashar a jere, tsuntsayen teku na bin su da kuka, ana sauke kifi cikin manyan kwantena na roba.

Ɗakin da na kwana a ciki na masunta ne a da, yanzu kuwa yana da na'urar ɗumama ɗaki da intanet, kuɗin kwana ɗaya kuma ba na talaka ba ne. Haka yawancin jajayen gidajen suka koma masaukin 'yan yawon buɗe ido. A ma'aikatun kifi, da yawa daga cikin masu fiɗa da rataya 'yan ci-rani ne daga Folan da Lituweniya. Masuntan da na zanta da su kuma damuwarsu ɗaya ce: Norwe da Rasha, waɗanda ke raba kifin Tekun Barents a tsakaninsu, sun yi ta rage adadin da aka yarda a kama shekara bayan shekara tun 2022, saboda kifin ya ragu. Wani dattijo ya nuna mini rumfuna biyu a bayan gidansa da bana ko sanda ɗaya ba a rataya wa kifi ba, ya ce idan na ji okporoko ya ƙara tsada a kasuwarmu, kada in ɗora wa canjin dala laifin shi kaɗai.